Kwamfutocin da Windows ta yi wa ritaya: tarihin Linux da hanyar komawa gare shi



Ran 14 ga watan Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 ga akasarin masu aiki da shi. Kwamfuta ba ta mutu ba ran nan, tana kunnuwa, tana buga takarda kamar kullum. Abin da ya tsaya shi ne gyaran tsaron da kamfanin ke aikowa duk wata don toshe kafofin da ɓarayin intanet ke shiga. An buɗe wani tsari na ƙarin wa'adi har Oktoba 2026 ga wanda ya yi rajista, amma jinkiri ne kawai. Microsoft na cewa a koma Windows 11. To, Windows 11 kuwa yana da sharuɗɗa: yana son wani ɗan guntun tsaro da ake ce ma TPM 2.0, kuma kwamfutocin da anka ƙera kafin wajen 2018 galibinsu ba su cikin jerin waɗanda ya yarda da su.

Yanzu ku dubi kwamfutocin da ke garuruwanmu: ta sakatare mai buga takardu bakin kasuwa, ta siber, ta lakwal, ta ɗalibin jami'a, ta gidan rediyon karkara. Mafi yawansu na hannu ne, tsofaffin HP da Dell da Lenovo da ofisoshin Turai sunka sallama, anka loda su kontena sunka iso mana. Lafiyarsu lau. Amma a takardar Microsoft an riga an yi musu ritaya. Ba yau aka fara ba: haka anka yi wa Windows XP a Afrilu 2014, haka anka yi wa Windows 7 a Janairu 2020.

Wani zai ce, to mene ne a ciki, ai Windows ɗinmu ma dama ba na lasisi ba ne. Gaskiya ne, kuma kowa ya san haka. Sai dai a tuna watan Mayu 2017, lokacin da wata cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta bazu cikin ƙasashe fiye da 150. Tana kulle takardun mutum, ta ce sai ya biya kuɗi ta buɗe. Asibitocin Ingila sun soke ayyukan tiyata, kamfanin motoci na Renault ya tsai da wasu masana'antunsa. Maganin kafar da cutar ta bi ya fito tun watan Maris, wata biyu kafin nan. Waɗanda ba su sa shi ba su ta kama. Kwamfutar da ba a ƙara aiko mata gyara, ƙofarta a buɗe take har abada.

Shi ya sa yau muke son mu ba da tarihin wani tsarin na daban, wanda ake kira Linux. Tambayar da ta haife shi ita ce tambayar da ke gabanmu: na'urar da mutum ya saya da kuɗinsa, wa ke da ikon cewa ta gama aiki?

Labarin ya faro ne daga firinta. Wajen 1980, a jami'ar MIT ta Amurka, akwai wani mai rubuta manhaja, Richard Stallman. Kamfanin Xerox ya ba ɗakin bincikensu sabuwar firinta, ita kuwa tana yawan cije takarda. Da tsohuwar firintarsu Stallman ya taɓa gyara manhajar ta yadda in takarda ta maƙale za ta aika wa mutane saƙo. Ya so ya yi haka da sabuwar, sai ya nemi rubutun asali na manhajarta, anka hana shi, wai sirrin kamfani ne.

Bari mu tsaya kan wanga rubutun asali, don duk maganar a kansa take. Kun san kilishi. Kana iya sayensa ka ci, amma ba ka san haɗin yajin ba, ba ka iya ƙara citta ko rage barkono, sai yadda mai shi ya yi. Manhajar kamfani haka take: ana ba ka abin ci, ana ɓoye haɗin. Rubutun asali shi ne haɗin. Wanda ya same shi yana iya ganin abin da manhaja ke yi a ɓoye, ya gyara kuskure, ya daidaita ta da buƙatarsa.

Abin ya tsaya wa Stallman a rai. A watan Satumba 1983 ya sanar cewa zai rubuta cikakken tsarin tafiyar da kwamfuta wanda kowa zai mallaka, ya sa masa suna GNU. Ya bar aikinsa na jami'a a farkon 1984, ya kafa gidauniya a 1985, sannan a 1989 ya fito da wani lasisi mai suna GPL. Dabarar lasisin tana da ban sha'awa. Yana ba ka ƴanci huɗu: ka yi aiki da manhajar yadda kake so, ka duba cikinta, ka raba wa wasu, ka gyara ta ka raba gyararriyar. Sharaɗi ɗaya ne: in ka raba, dole ka ba na gaba ƴancin da ka samu. Ba ka iya ɗaukar aikin jama'a ka kulle shi a ɗakinka. Mu da munka yi lakwal da Faransanci abin ya fi mana sauƙin ganewa, don Faransanci ya raba "libre" da "gratuit", alhali Ingilishi kalma guda yake da ita ga duka biyun, har yau tana rikita su. Da Hausa ma a rabe suke: ƴanci daban, kyauta daban. Stallman ƴanci yake nufi. Kyautar ta biyo baya ne.

Zuwa 1991 mutanen GNU sun rubuta sassa da yawa, amma babu zuciyar tsarin, wato sashen da ke magana kai tsaye da ƙarfen na'ura, yana raba aiki tsakanin ƙwaƙwalwa da faifai da allo. Kamar a ce an haɗa mota, ga kujeru, ga tayu, ga sitiyari, babu inji. Injin ya fito daga inda ba a zata ba. Ran 25 ga Agusta 1991 wani ɗalibi ɗan shekara 21 a jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya rubuta wa masu sha'awar kwamfuta cewa yana haɗa wani ɗan tsari don nishaɗi, kuma bai sa ran zai zama wani babban abu ba. Fitowar farko layi wajen 10,000 ce. A 1992 ya sa aikinsa ƙarƙashin lasisin GPL, daga nan mutane daga ko'ina sunka shiga aiko da gyara. Yau zuciyar Linux ta haura layi miliyan 30. Tun ƙarshen 2017 manyan kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya duka da Linux suke aiki. Kuma in wayar da kuke karanta wannan rubutu da ita Tecno ce, ko Itel, ko Samsung, to Android ke cikinta, Android kuwa kan zuciyar Linux anka gina shi. Ashe mun daɗe muna tare da shi a aljihu.

To me ya sa bai zauna kan teburin sakatare ba? Saboda shekara goma na farko Linux kayan gwanaye ne. Baƙin allo, rubutun umarni da hannu, kwana biyu kana faman sa na'urar sauti ta yi magana. Tunda kowa na da damar haɗa injin da sauran sassa yadda ya ga dama, sai ire-ire sunka yawaita. Debian ta fito a 1993, aikin sa-kai, mai ƙarko ƙwarai amma ba ta lallashin baƙo. A 1998 wani Bafaranshe, Gaël Duval, ya fito da Mandrake don sauƙaƙa wa sabon shiga. A 2000 wani Bajamushe, Klaus Knopper, ya kawo Knoppix, wanda ke tashi daga faifan CD ba tare da ya taɓa abin da ke cikin kwamfuta ba. Ku riƙe wannan dabarar, za mu dawo kanta.

Babban sauyi daga Afirka ya zo. Mark Shuttleworth, ɗan Afirka ta Kudu, ya kafa kamfanin tsaron intanet mai suna Thawte, ya sayar da shi a 1999 kan dala miliyan 575 ko kusa da haka. A 2002 ya biya kuɗi ya hau kumbon Rasha zuwa tashar sararin samaniya. Da ya sauko, sai ya ɗebi wasu daga cikin masu aikin Debian ya ba su albashi, ya ce su yi Linux na mutane gama-gari. Ran 20 ga Oktoba 2004 Ubuntu ya fito. Sunan daga harsunan Zulu da Kosa yake, yana nufin mutuntaka, wato mutum ba ya cika mutum sai da mutane. Faifai guda, tambayoyi kaɗan, an gama sawa. Sabon fitowa duk wata shida, kuma daga 2006 akwai fitowa ta musamman duk shekara biyu wadda ake daɗewa ana kula da ita.

Wani abin da Shuttleworth ya gane, wataƙila don ya san nahiyar: kyauta a intanet ba kyauta ba ce ga wanda ba shi da intanet. Sai ya buɗe shirin ShipIt. Ka rubuta adireshinka, a aiko maka faifan Ubuntu ta gidan waya ko ina kake a duniya, ko dala ba ka biya. Shirin ya yi aiki har 2011. Masu shekarunmu da sunka zauna siber a wancan zamani, ana jiran shafi guda ya buɗe kamar ana jiran motar kasuwa, sun san darajar wannan.

Linux Mint kuwa, wanda a ganinmu shi ya fi dacewa da mai fitowa daga Windows, ya fito a 2006. Wani Bafaranshe mazaunin ƙasar Ailan, Clément Lefèbvre, ya ɗauki Ubuntu ya cike ƴan giɓin da ke korar baƙo, musamman abin kunna waƙoƙin MP3 da bidiyo, waɗanda Ubuntu ba ya zuwa da su saboda rigimar haƙƙin mallaka. Ranar Mint ta zo a 2011. A shekarar nan Ubuntu ya canza fuskarsa gaba ɗaya, ya jera gumaka a gefen allo, mutane da yawa sunka rasa inda kayansu suke. Mint ya ƙi bi. Ya gina tasa fuskar mai suna Cinnamon: maɓallin farawa a ƙasa hannun hagu, agogo a ƙasa hannun dama, tagogi a jere tsakani. Duk wanda ya taɓa Windows 7 zai gane gida. Wasu gwanaye na yi wa Mint kallon tsohon yayi. Mu kam muna ganin girmama mutum ne a bar masa hannunsa inda ya saba. Aikin yana tafiya ne da gudummawar masu amfani da shi da masu tallafi, kuma duk wata suna wallafa abin da anka tara.

Tarihin ba fari ba ne tas. A Fabrairu 2016 ɓarayi sun kutsa shafin Mint, sunka karkatar da masu saukewa zuwa wani kwafi mai ɗauke da ƙofar ɓoye. An gano cikin kwana guda, masu aikin sunka faɗa wa duniya da bakinsu. Linux ba laya ba ce. Cututtukan da ke yawo a kile USB tsakanin siber da ofis, masu mai da takardu gajerun hanyoyi, don Windows anka rubuta su, ba su aiki a Linux. Amma wanda ya ba ɗan damfara lambar sirrinsa, babu tsarin da zai cece shi.

Yanzu ga ɓangaren da ya fi amfani gare mu: waɗanda sunka yi ƙaura da yawa, yaya sunka ƙare? Misali biyu sun ishe mu.

Na farko jandarmomin Faransa. Ba su fara da Linux ba sam. Wajen 2005 sun cire Microsoft Office sunka sa OpenOffice, a kan Windows ɗin da ma'aikata sunka saba. A 2006 sunka kawo Firefox don shiga intanet da Thunderbird don wasiƙu. Sai a 2008, lokacin da XP ke tsufa kuma komawa Vista na nufin sabon lasisi da sababbin na'urori, sunka yanke shawarar komawa Ubuntu, da nasu gyararren kwafi mai suna GendBuntu. Ranar da jandarma ya zo ya tarar an canza tsarin, abin rubutunsa da abin shiga intanet ɗinsa duk waɗanda ya sani ne tun shekara biyu ko uku. Yau kwamfutocinsu wajen 100,000 ke aiki da shi, kusan dukansu ke nan.

Na biyu birnin Munik na Jamus. Majalisar birnin ta yanke shawarar komawa Linux a 2003, duk da cewa shugaban Microsoft na lokacin, Steve Ballmer, ya taka da kansa ya je wurin magajin gari don ya hana. Aikin ya ci shekara goma. A ƙarshen 2013 kwamfuta wajen 15,000 sun koma. Amma ƙorafi bai ƙare ba: takardun da ake musanya da wasu ma'aikatu masu Word suna zuwa a hargitse, wasu manhajojin aiki na musamman Windows kawai sunka sani. Siyasar birnin ta juya, kuma a 2016 Microsoft ya mai da hedikwatarsa ta Jamus cikin Munik. A Nuwamba 2017 majalisa ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows. Har yau ana gardama ko laifin Linux ne, ko na rashin tsari a ma'aikatun birnin, ko na siyasa. A 2020 sabuwar majalisa ta sake cewa za ta fifita manhaja mai ƴanci, kuma a 2024 jihar Schleswig-Holstein ta arewacin Jamus ta ɗauki hanyar da kwamfuta wajen 30,000, ita ma ta fara da manhajar ofis kafin tsarin.

Abin da muke karantawa cikin labaran nan biyu shi ne, wahalar ƙaura ba a tsarin take ba, tana cikin takardu da sabon hannu. Sakatare ba ruwanta da sunan zuciyar da ke cikin na'ura. Abin da ya dame ta, takardar da ta buga ta fito yadda mai ita ke so.

Kusa da mu ma an gwada. A Faransa, masu sa-kai da ke gyara tsofaffin kwamfutoci a cibiyoyin Emmaüs sun haɗa wani Linux mara nauyi mai suna Emmabuntüs tun 2011, kuma da shi anka shirya ɗakunan kwamfuta a makarantun arewacin Togo tare da ƙungiyar YovoTogo. Irin na'urorin da ke kasuwanninmu ne sak.

In mutum yana son ya bi sawun jandarmomi, matakin farko ya riga ya taka shi bai sani ba. VLC, mai alamar lemu da fari da kowa ke kallon fim da shi, manhaja ce mai ƴanci, ɗaliban École Centrale ta Paris sunka faro ta. Mu ma'aikatan rediyo mun san Audacity na yanka murya, shi ma haka. Sai a ƙara LibreOffice, wanda ya ɓalle daga OpenOffice a 2010, a sa shi kan Windows ɗin da ake da shi, a yi wata guda ana aiki da shi. Yana buɗe takardun Word da Excel, yana ajiye su a sigarsu. Wasiƙa da rasit da jadawalin maki ba su da matsala. Takarda mai ado da yawa takan ɗan goce, sau da yawa don haruffan Microsoft babu su. In za a kai wa wani ya buga, a mai da ita PDF a huta.

Mataki na biyu dabarar Knoppix ce. Ana sauke Mint, nauyinsa kusan jiga 3, ana sa shi a kile USB mai jiga 4 ko fiye. Sauke jiga 3 ba wasa ba ne ga kuɗin intanet ɗinmu, amma a nan lasisin Stallman ke aiki: mutum guda ya sauke, unguwa duka ta kwafa, halal ne, doka ma ta yarda. A tayar da kwamfuta daga kilen, a gwada wifi, sauti, firinta, ba tare da an goge komai ba. In an zare kilen, Windows na nan yadda anka bar shi. Mint yana tashi da jiga 2 na ƙwaƙwalwa, ya fi sakewa da jiga 4. Ga na'ura mai rauni akwai fuskar Xfce da ba ta da nauyi. Kafin a sa shi na dindindin, a kwashe takardu da hotuna a ajiye wani wuri, kuma a tabbata batir na da caji, don kun san halin kuran ɗinmu. Ana kuma iya ajiye tsarin biyu gefe da gefe, a zaɓi wanda ake so lokacin kunnawa.

Akwai waɗanda ba mu ba shawarar su yi gaggawa. Mai ɗakin hoto da abincinsa ke kan Photoshop, akanta mai aiki da Sage, mai haɗa sauti da ya saba da Adobe Audition: waɗannan manhajoji ba a yi su don Linux ba. Akwai makwafinsu, kamar GIMP na gyaran hoto, amma koyo ne sabo, kuma ba a koyo ranar da mai biki ke tsaye yana jiran hotunansa. Firinta ma a gwada ta tukuna. Na HP galibi suna tashi da kansu, wasu kuwa sai an nemo musu direba. Babbar matsalar ita ce mai gyara. Yaran da ke farmate kwamfuta a garuruwanmu Windows sunka iya, in ka kai musu Mint wasu za su goge shi su mayar maka da abin da sunka sani. Lakwal ko ƙungiyar da za ta koma, ta fara horar da mutum guda nata kafin ta taɓa na'ura ta biyu.

Masu rubutu da Hausa za su tambayi ƙ da ɗ da ɓ da ƴ. Linux yana zuwa da allon rubutun Hausa cikin jerin harsunansa, na Najeriya da na Gana. Sai dai an tsara su kan jerin QWERTY na Ingilishi, mu kuwa allunanmu AZERTY ne na Faransa, don haka A da Q za su musanya wuri, M ma ta ƙaura. Da yake rubutun asalin a buɗe yake, ba a buƙatar izinin wani kamfani kafin ɗalibin kwamfuta na jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi ko ta Abdu Mumuni ta Yamai ya tsara na Hausa kan AZERTY ya aika a haɗa shi cikin tsarin.

Saura maganar wa'adi, don Linux ma yana da nasa. Mint 22, wanda ya fito a watan Yuli 2024, za a ci gaba da aiko masa gyaran tsaro har 2029. In lokacin ya yi, ana hawa na gaba a kan na'urar nan dai, ba lasisi, ba TPM. Iyakarsa ita ce tsofaffin na'urori masu bit 32, irin na farkon zamanin XP: Mint ya daina yi musu babbar fitowarsa tun 2020. Wanda zai sayi ta hannu a Katako ko Kasuwar Dole, ya tambaya ko bit 64 ce, ya kuma tafi da kilensa a aljihu ya gwada ta nan gaban mai shago kafin ya ƙirga kuɗi.